Tagwayen dijital za su iya rage ɓarna a masaƙunmu?

Ɗalibar Samaru:
Assalamu alaikum. Ina karanta fannin saƙa a ABU, aikina na kammalawa kuma a kan tagwayen dijital ne. A taƙaice, ana maƙala wa inji na'urorin auna zafi, ruwa da wuta, suna aika bayani ga kwafinsa da ke cikin kwamfuta, duk canjin da ake so a fara gwada shi a can. Mahaifina ya yi aiki a wata masaƙa a Kakuri, har yau yana takaicin yadda ruwan rini ke gangarawa Kogin Kaduna, yau ja, gobe shuɗi. Iyayenmu da kuka yi aikin nan, ina ɓarnar ta fi yawa?

Tsohon ma'aikaci, Tudun Wada:
Wa'alaikumus salam, 'yata. Ɗakin rini, babu tantama. Idan yadi ya fito kalar ba ta zo daidai da ta mai oda ba, komawa tukunya zai yi. Sabon ruwa ke nan, sabon gishiri da soda, ga baƙin man da za a ƙona a tayar da tururi, duk a kan yadin da aka riga aka biya wa. Mu da ido da sabo muke hasashe. In kwamfutarku za ta faɗa wa mai rini abin da zai fito tun bai zuba magani ba, wallahi kun yi aiki.

Kada ki manta da hunturu. Iska na bushewa zaren auduga sai tsinkewa, inji ya tsaya, tarkace ya taru a ƙasa. Ki sa danshin ɗaki cikin lissafinki.

Injiniya, Sabon Gari:
Baba ya faɗi gaskiya. Abin da nake jiye miki, ƙanwata, wuta ce. Kwafin nan da bayani yake rayuwa. Na'ura ta ɗauke, ya soma ba da amsar bogi. Ki ɗauki injin rini guda ɗaya tak, ki haɗa na'urorin da sola da batir.

Ɗalibar Samaru:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Injin rini ɗaya zan ɗauka. Baba, in ba damuwa, zan so in zo Tudun Wada da littafina ranar Asabar bayan La'asar.