Darasin magana gaban jama'a: abin da aka tattauna

Ga abin da na tattaro daga bakin ɗalibai da malamai nan Maraɗi.

1. Kowa ya yarda zuwa aji dole ne. Ba a koyon magana daga littafin aboki.
2. Jawabi kada ya wuce minti 5, kuma banda sunkuyar da kai ana karanta takarda.
3. A kashe waya. Babu dariya in muryar wani ta yi rawa. Wannan ya taɓa ni, don na taɓa ganin yarinya ta ajiye takardarta ta fita da hawaye.
4. Kan harshe aka rabu: wasu sun ce Faransanci zalla, wasu a fara da Hausa har tsoro ya kwanta. Ina tare da na biyun.