Kafin a sayi tsohon gidan dutse a ƙauyen Faransa

Da aka tattauna batun sayen wani tsohon gidan dutse a yankin Dordogne da ke kudu maso yammacin Faransa, mai rumbu da garke da lambu, waɗanda suka taɓa saye sun fi daɗewa a kan rufi. Suka ce a hau sama tukuna a duba katako, domin gara ta yi yawa a kudu maso yammacin Faransa, kuma gyaran rufi kan lashe duk ragin da aka yi maka.

Bango kuwa, kada a shafe shi da siminti. Yana kulle danshi a cikin dutsen. Farar ƙasa ce ke barinsa ya sha iska. A ganina wannan ce shawarar da ta fi amfani.

Gidan da aka gina kafin 1949, dole mai sayarwa ya kawo rahoton gwajin dalma. Haraji da kuɗin jami'in rubuta ciniki kan kai kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na farashin gidan. Bayan yarjejeniyar farko, mai saye yana da kwana 10 ya fasa. In ramin masai bai cika ƙa'ida ba, shekara ɗaya ake ba mai saye ya gyara. Mayar da rumbu ɗakin kwana kuma sai an nemi izini a ofishin magajin gari.