Ɗalibai ba sa ba ni amsar gaskiya a binciken zuwa sinima

Assalamu alaikum. Ina gudanar da binciken kammala digiri a kan yadda ɗaliban ƙaramar sakandare a Kaduna suke zuwa kallon fim a wajen gida, kuma aikin ya tsaya mini cak. Na samu izinin shugabannin makarantu biyu, ɗaya a Tudun Wada, ɗaya a Kawo, na raba takardar tambayoyi da Hausa da Turanci.

Da farko kalmar "sinima" ce ta rikita su. Wasu sun ɗauka ina nufin gidan kallo na unguwa, inda ake nuna gasar Firimiya ta Ingila da finafinan Indiya masu fassarar Hausa, wasu kuma sun lissafa har da finafinan Kannywood da suka kalla a wayar yayyensu. Wannan na gyara shi, na ware wa kowane wuri tambayarsa.

Abin da ya gagare ni shi ne tsoro. Da malamin aji yake tsaye, kusan kowa ya rubuta cewa bai taɓa zuwa ba, alhali a lokacin tara na ji suna hirar abin da suka kalla. Na cire gurbin suna, na roƙi malamin ya fita, sai suka koma leƙen takardun juna suna kwafar amsa ɗaya. Ban ga laifinsu ba, domin a gidaje da yawa yaron da aka ji ya je gidan kallo faɗa zai sha.

Malamai da masu bincike, wace hanya kuka bi har yara masu shekara 12 zuwa 15 suka amince cewa amsarsu ba za ta kai ga iyaye ko malamai ba?