Saƙonnin imel ɗina spam suke faɗawa, ina gyaran yake?

Mai Turare, Garwa:
Assalamu alaikum. Ina sayar da humra da turaren wuta ta intanet. Ina da adireshin kwastomomi kusan 400, amma saƙona spam (akwatin saƙonnin banza) yake faɗawa, masu buɗewa ma ba sa saye.

Ɗan Kasuwa, Marwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. In daga Gmail ɗinki kike zuba mutum 400 a BCC, wato layin da ke ɓoye adireshin masu karɓa, nan gizo ke saƙa. Koma Brevo, manhajar tura imel ga jama'a da yawa, tana ba da saƙo 300 kyauta a rana, sai ki raba su kwana biyu. In kina da adireshin shafinki na kanki, a saita miki SPF da DKIM, su ne shaidar cewa daga gare ki saƙon ya fito. Ki sa maɓallin fita a ƙasa, na mai son daina karɓar saƙonki. Wanda bai ga ƙofa ba spam zai danna, Gmail kuwa ba ta son ƙorafi ya kai 0.3 cikin ɗari.

Yar Njamena:
Yaya, dubi kan saƙon ma, a waya yankewa yake in ya yi tsawo. "Humra ta iso, kwalba 3000 sefa" ya fi "RANGWAME!!!" nesa ba kusa ba. Kaya ɗaya, hoto ɗaya, maɓalli ɗaya zuwa WhatsApp. Farashi da lamba, kada ki ce jaka uku, ba kowa ke ganewa ba. Faɗi ko Orange Money ne ko MTN MoMo. Masu Faransanci a ware musu jerinsu daban.

Ɗan Kasuwa, Marwa:
Na Sallah kuma ki tura da saura kwana goma, ba ranar jajibiri ba, don kayan kwastomomin Ngaundere su samu mota.