Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba akwatin da ke ninka layin hoton tsohon gem?

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a. Ina da aikin da zan miƙa ranar Alhamis da safe. Rubutu ne da za a karanta a kan wani bidiyo na koya wa yara masu koyon gyara yadda ake haɗa tsofaffin na'urorin gem, irin su Sega Mega Drive da Super Nintendo da PlayStation ta farko, da tsohon allon kwamfuta mai doro, wanda ke da soket ɗin VGA mai ramuka 15. Komai ya tafi daidai, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro, wato abin da Turawa ke kira line doubler. Ta cika rubutun daga farko har ƙarshe, kuma ba na son in yi ta cewa "wannan akwatin". Da na rubuta "konbata", sai mai bidiyon ya ce sam ba haka ba ne. Don Allah a taimaka.

Tsohon Injiniya: Wa alaikumus salam Malama. Mai bidiyon ya yi gaskiya, kuma kafin a raɗa wa yaro suna ya kamata a ga fuskarsa. Allo mai doro layi-layi yake zana hoto, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa. Tsohon gem don talabijin aka ƙera shi, yana turo layi kusan 15,700 a kowane sakan, wato layi 262 a kowane hoto, hoto 60 a sakan, kuma kusan 240 ne kawai daga cikin 262 ɗin ke ɗauke da hoton. Shi kuwa VGA, tun da IBM ta fito da shi a 1987, layi kusan 31,500 yake jira a sakan, 525 sau 60. Idan aka ba shi rabin haka ba ya iya kamawa, sai ya yi baƙi ƙirin, ko ya rubuta cewa siginar ta fita daga iyakarsa. Shi ya sa waya kaɗai ba ta wadatarwa ko da bakinta ya shiga soket. Aikin wannan akwati shi ne ya karɓi layi ɗaya ya fitar da shi sau biyu cikin lokacin da ɗayan zai ci. Ni dai da "maninkin layi" nake kiransa idan ina yi wa yarana bayani.

Ɗan Gem: Baba Injiniya, a gaskiya mu "dobla" kawai muke cewa, kuma kowa ya gane. Anti, ki sa dobla ki huta.

Malam Nahawu: Subhanallahi. Dobla kuma? Ƙanena, in haka ne ai babu amfanin fassarar, a bar bidiyon da Turancinsa. Injiniya, maninki ya bi ƙa'ida, ban musa ba, siga ɗaya ce da mabuɗi da magogi. Amma ina da ja a wuri biyu. Na ɗaya, ninka tana nufin naɗe tufafi ko takarda, mai sauraro zai iya ɗauka lanƙwasa layin ake yi. Na biyu, layi ba tamu ba ce, ta Bature ce. Muna da saɗara. Shawarata ita ce matagwaicin saɗara, daga tagwaita, wato mayar da tilo ya zama tagwaye. Ku duba dacewar: layi biyu, kama ɗaya, haihuwa ɗaya, ɗaya na bin ɗaya. Babu kalmar da ta kama ma'anar kamar wannan.

Mai Fassara: Malam, hoton tagwayen ya burge ni ƙwarai. Sai dai na gwada karanta "a jona matagwaicin saɗara da matosai" da babbar murya, harshena ya harɗe sau biyu. Mai karantawar yaro ne, kuma da sauri yake magana.

Malam Nahawu: Malama, kowace sabuwar kalma da nauyi take zuwa. Da aka fara cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa ma an ce ta yi tsawo.

Ɗan Gem: To Malam ai shi ya sa har yau kwamfuta muke cewa.

Hajiya Mai Rediyo: Malam, da girmamawa, saɗara ma ai ba a gidanmu aka haife ta ba, daga Larabci muka aro ta. In aro laifi ne, duka biyun sun yi laifi. Layi kuwa ta daɗe da zama 'yar gida, har ta yi jam'i irin namu, layuka, muna bin layi, muna kiran layin waya. Kuma saɗara a kunnen mutane ta rubutu ce, ta allo da littafi. Na shekara ina karanta labarai, na san kalmar da ke sa mai sauraro ya tsaya yana tunani har jimla ta gaba ta wuce shi.

Malam Nahawu: Hajiya, aron da ya shekara ɗaruruwa ta hanyar ilimi ba ɗaya yake da wanda ya shigo jiya ta bakin kasuwa ba. Abin da ke damuna shi ne duk lokacin da aka zo fannin fasaha sai mu sunkuyar da kai, kamar harshenmu bai isa ya ɗauki kayan ba. Wasu al'ummomi sun zauna sun ƙera kalmominsu, 'ya'yansu na karatun injiniya da su. Mu kuma da an kawo kalma sai a ce ta yi nauyi.

Hajiya Mai Rediyo: Ba wanda ya fi ni kishin harshen nan, Malam. Amma kishi ba ya nufin a raina Hausar da masu gyara ke yi a bakin aikinsu. Su ma Hausawa ne, kuma su ne za su riƙe kalmar ko su yar da ita.

Mai Fassara: Don Allah iyayena, a dawo kan akwatin. Alhamis na matsowa.

Tsohon Injiniya: Bari in faɗi dalilin da ya sa na damu da sunan nan, domin ba ado ba ne. Akwai akwati iri biyu, kuma idan suna bai raba su ba yaro zai ɗauko wanda bai dace ba. Irin na farko, wanda ake cewa konbata, yakan tara hoton gaba ɗaya a cikinsa, ya sarrafa, sannan ya saki. Hoto ɗaya kashi ɗaya ne cikin 60 na sakan, kuma wasu sukan riƙe hotuna da yawa. Ka danna maɓalli, ɗan wasan bai yi tsalle ba sai bayan ya faɗa rami. Ƙari a kan haka, da yawansu ba su san siginar gem mai layi 240 ba, sai su ɗauke ta kamar ta tashar talabijin mai layi 480 da ke zuwa rabi-rabi, su yi ta haɗa abin da ba a raba ba, hoto ya dagule duk lokacin da abu ya motsa. Irin na biyu, wato namu mai ninka layi, kamar wanda ake kira OSSC da aka ƙirƙira a Finlan, ba ya jiran hoto ya cika. Layi na shigowa yake fitar da shi, jinkirinsa bai wuce na layi ɗaya ko biyu ba, hannu ba ya jin sa. Saboda haka dole kalmar layi, ko wadda ta maye gurbinta, ta fito a sunan. Dobla kaɗai ba ta faɗi abin da ake ninkawa ba.

Sannan Malam, ga matsalar tagwaye. OSSC ba a biyu ya tsaya ba, yana fitar da layi sau uku, sau huɗu, har sau biyar, don manyan alluna na zamani. Da ninka zan ce ninki biyu, ninki uku, ninki biyar. Da tagwaita fa?

Malam Nahawu: Ai ana cewa 'yan uku.

Tsohon Injiniya: Ana cewa, amma ba a tagwaita abu ya zama biyar.

Ɗan Gem: Anti, tunda ana bayani, ki saka musu cewa OSSC ta HDMI, soket ɗin talabijin na zamani, yake fitarwa, sai an ƙara ƙaramin abin da ke mayar da shi VGA. Kuma ba ya karɓar wayar nan mai kai rawaya, sai wayar SCART mai ƙafa 21, ko mai kai uku, kore da shuɗi da ja, ko ta VGA. Mai rawaya sai wani akwatin, irin RetroTINK 2X. Dreamcast, na'urar gem ta Sega, kuma ba ruwanta da duk wannan, tana iya fitar da siginar VGA da kanta a yawancin wasanninta, akwatinta na VGA kawai za a samo.

Mai Fassara: Na gode ƙanena, na Dreamcast yana cikin rubutun, na wayar rawaya ne babu, zan gaya wa mai bidiyon.

Hajiya Mai Rediyo: Wani hanzari ba gudu ba. A rubuce maninki na iya zama mutum mai ninkawa, kamar maƙeri, ko kayan aiki, kamar mabuɗi. Karin sauti ne ke raba su, kuma ba ma rubuta shi. Ki ja kunnen mai karantawar ya ɗaga muryar duka gaɓoɓin uku kamar yadda yake faɗin mabuɗi. Jam'in kuma maninkai, ba maninka ba.

Malam Nahawu: Wannan gyara ne mai kyau, Hajiya. Hujjar ninki biyar ma na karɓe ta, ba ni da amsarta yanzu. Amma ban janye maganata a kan layi ba. In ba za a ɗauki saɗara ba, ko kunya ta fi, irin ta gona, tunda Injiniya ya ce jere suke daga wannan gefe zuwa wancan.

Tsohon Injiniya: Malam, kunya ta fi dacewa da wani wurin. Akwai saitin da ke dusashe kowane layi na biyu, don hoton ya fito da siraran ratsin baƙi irin na tsohuwar talabijin. Wannan kam kunya da kwari ne sak. A can zan yi amfani da ita da farin ciki.

Mai Fassara: To ga abin da zan yi. A karon farko zan ce "maninkin layi, wato akwatin da ke fitar da kowane layin hoto sau biyu", daga nan sai maninki kawai. Ɗayan kuma zan bar shi konbata, tare da gargaɗin jinkirinsa. Ratsin baƙin zan kira shi saitin kunya da kwari, da sunan Malam a zuciyata.

Malam Nahawu: Ki yi yadda kika ga dama, Malama, aikinki ne. Ni a darasina matagwaici zan ci gaba da cewa ga wanda ya tsaya a biyu.

Ɗan Gem: Mu ma a wajen wasa ba na jin za a bar dobla, amma zan gwada maninki in ji yadda za a karɓa.

Mai Fassara: Madalla, Allah Ya saka da alheri. Saura guda: siginar nan da ke gaya wa allo inda layi ya ƙare da inda hoto ya ƙare, wadda gem ke turowa a haɗe amma VGA ke so a rabe gida biyu. Na rubuta "siginar daidaitawa" na ɗan lokaci. In akwai mai abin da ya fi, ina nan har daren Laraba.