Neman kalma: garin da wutar da yake samarwa ta fi wadda yake sha

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Gobe da safe shirin rediyo zai fita a kan wata unguwa a Freiburg ta Jamus, gidaje 59 da mai zanen gine-gine Rolf Disch ya zana, waɗanda wutar solarsu ta fi abin da suke sha. Jamusawa na kiran tsarin Plusenergie, ana kuma son faɗaɗa shi ya game birni sukutum. Kalma biyu nake nema: ta wannan, da ta “renewable energy”, wato makamashi irin na rana da iska.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ta farko dai “birni mai rarar makamashi”, kamar yadda ake cewa rarar kuɗi a kasafi. Rara ta dace domin lissafin na shekara ne: a tara kilowat-awa (ma'aunin yawan wuta) da aka samar cikin wata 12, a ɗebe wanda aka sha. A Jamus farantan sola na kilowat 1 kan ba da kusan kilowat-awa 1,000 a shekara, akasarinsa lokacin zafi. Daren hunturu kuwa gidajen daga babban layi suke jan wuta. Don haka a guji “mai dogaro da kansa”, mai sauraro zai ɗauka an yanke waya.

Hajiya Edita: Ta biyun ai tana nan, “makamashi mai sabuntuwa”. Kar dai a sa “mai tsafta”. Nukiliya ba ta hayaƙi, amma yuraniyom haƙo shi ake yi, kuma yana ƙarewa.

Malamin Hausa: Sabuntuwa fassarar kai tsaye ce, ba ta da gishiri. Makamashi ma asalinsa abin da wuta ke kamawa ne, itace da kara. Yaushe wuta ta kama iska? Ni na ce “ƙarfi mai tofo”. An sare bishiya ta sake tofo, ko yaron ƙauye ya san wannan.

Injiniya: Malam, tofo ya zauna a kan itace da iskar gas ta kashin shanu, irin wadda ƙauyen Wildpoldsried na Jamus ke haɗawa da injinan iska har wutarsa ta ninka bukatarsa. Amma rana ba a sare ta balle ta yi tofo. Kalmar ƙarfi kuma mun riga mun ba wa abin da ake aunawa da kilowat. In aka cakuɗa shi da kilowat-awa, lissafin rarar ya rushe.

Ɗan Maraɗi: Mu nan kuran muke ce wa wutar. Kullum a Kano ake yanka kalma a miƙo mana, sai ka ce ba ma sauraren rediyo.

Malamin Hausa: Kuran ɗin ma aron Faransanci ne. Harshen da miliyoyi ke yi, a ce sai da bara?

Ɗan Maraɗi: To lantarki daga gidan wa ta fito, Malam?

Mai Fassara: Don Allah a dawo kan batu, dare na yi. Injiniya, rarar ina take zuwa?

Injiniya: Kan layi take komawa, mita mai ƙirga shiga da fita ta rubuta. Matsalar da tsakar rana take: kowane rufi na turo wuta lokaci guda, boltejin layin unguwa ya hau, inbata, na'urar da ke juya wutar sola ta koma irin ta layi, ta kashe kanta don kariya, wutar ta tafi a banza. Maganinsa batir, ko taransfoma mai daidaita bolteji, ko a mayar da ɗumama ruwa da cajin motoci wannan lokacin. A kuma tantance me aka ƙirga. In wutar lantarki ce kaɗai, ban da man motoci da ɗumama ɗakuna, “rarar wuta” za a ce. Nan ne babban birni ke shan wuya: bene mai hawa 10 rufi ɗaya gare shi.

Hajiya Edita: Shi ke nan. Sabuntuwa ga makamashin, rara ga birnin, da jimla ɗaya ta bayanin lissafin shekara.

Malamin Hausa: Rara na yarda da ita, Hausa ce tsantsa. Sabuntuwa kam ku sa tunda lokaci ya ƙure, amma ni tofo zan ci gaba da koya wa ɗalibai.