Wane suna za mu ba lasifikar da ake kira subwoofer?

'Yan'uwa, abin da ya kawo wannan magana shi ne aikin da na sa a gaba na haɗa kayan sauti a cikin wata tsohuwar a-kori-kura mai kujera ɗaya, irin wadda rediyonta na asali yake da maɓallan murɗawa biyu da lasifika ɗaya tak a dashbod. Da na zauna rubuta bayanin aikin da Hausa, yawancin kayan ba su ba ni wahala ba, domin rediyo da batir da waya da fis da lasifika sun daɗe da zama 'yan gida. Inda alƙalamina ya tsaya shi ne kan lasifikar da Turawa ke kira subwoofer, wadda a bakin masu aikin wayar mota ta koma wufa.

Kafin a raɗa wa abu suna, ya kamata a san aikinsa. Kunnen ɗan'adam yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma gwargwadon ƙarancin kaɗawar, gwargwadon kaurin sautin. Lasifikar ƙofa mai faɗin inci 5 ko 6 da rabi tana fitar da murya da yawancin kiɗa sarai, amma ba ta iya tura iskar da sauti mafi kauri yake bukata. Shi ya sa ake ware wata dabam, mai inci 8 ko 10 ko 12, a dasa ta a cikin akwati, a ba ta sautin da bai wuce kaɗawa 80 ko kusa da haka ba, sannan a haɗa ta da amfilifaya tata, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, tun da ƙarfin rediyon mota na zahiri bai cika wuce wat 20 ga kowace lasifika ba, ko da an rubuta 50 a jikin kwali.

Ba ni da ƙyamar aro, amma kalmar wufa tana da aibi guda: a Turance, babban faifan lasifikar ƙofa shi ma woofer ne, don haka idan aka yanke "sub" daga farkon subwoofer, an haɗa abubuwa biyu a suna ɗaya, kuma mai saye yana iya komawa da abin da bai nema ba. Wani ɗan'uwa ya kawo "babbar lasifika", sai dai girma ba shi ne ya bambanta ta ba. Akwai lasifikar murya da ta fi ta faɗi. "Amsa-kuwwa" kuwa ta riga ta tafi ga na'urar ɗaga murya a taro.

Shawarar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce "lasifikar gurnani". Tana da hujja mai ƙarfi, domin su kansu Turawa daga haushin kare suka samo woofer, kamar yadda suka samo tweeter daga kukan tsuntsu, wato sun kwaikwayi sauti ne suka yi suna. Amma a kunnen mai tsohuwar mota, gurnani alamar matsala ce. Idan aka ɗaura wayar da ke komawa jikin mota a kan fenti ko tsatsa maimakon a kankare ƙarfen ya fito fes, lasifika takan yi wani kuka da ke tashi da sauka tare da injin. Idan kuma ƙarfen ƙofa ya saki, sai kwaramniya ta biyo baya. Bai dace ba mu kira kayan da ke aiki daidai da kalmar da za mu bukata ranar da ya lalace.

Saboda haka na tsaya a kan "lasifikar rugugi". Rugugi shi ne sautin hadari daga nesa, wanda ake ji a ƙirji kafin kunne ya gane inda ya fito, kuma haka ainihin sautin wannan lasifika yake: kunne ba ya iya nuna wurin da sauti mai kauri sosai ya taso, shi ya sa ake iya ɓoye ta ko'ina a mota ba tare da kiɗan ya karkata gefe ɗaya ba. Wanda ya fi son bayani yana iya cewa "lasifikar kaurin sauti", amma wannan ta fi dacewa da ƙamus.

Na gwada ta a cikin bayanin aikin, ta zauna daram: "Tun da a-kori-kura ba ta da but, a nemi lasifikar rugugi marar zurfi a sa ta a bayan kujera, a ja wa amfilifayarta waya mai kauri kai tsaye daga batir, a kuma sa fis a kan wayar bai fi inci 18 daga batirin ba, domin idan ta goge ta taɓa ƙarfe, fis ɗin ya ƙone kafin wuta ta tashi."